Tambayoyi tara aka yi mini a asibiti, aka ce ina da ciwon damuwa

*Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekaruna 41, ina da mata da 'ya'ya biyar. Tun da jarina ya karye bara jikina ya ƙi daɗi: ciwon kai, zafi a tsakar ka, kasala, barci kuwa da zarar ƙarfe biyun dare ta yi ya gudu ke nan har asuba. Na sha maganin taifot da maleriya a kemis har na gaji, an yi mini ƙarin ruwa, duk a banza. Makon jiya ƙanena ya matsa mini muka je asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu. Bayan an auna jinina, wata ma'aikaciya da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba ta ɗauko takarda ta yi mini tambayoyi tara, ta lissafa, ta ce na samu maki 14, wai alamar ciwon damuwa ce, in dawo ranar da likita ke zama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ta yaya tambayoyin minti biyar za su san abin da ke damuna, ba gwajin jini ba hoto? Ni ba mahaukaci ba ne, kuma ina sallolina. Mahaifiyata ta ce hannu aka sa mini a kasuwa. Wani abu kuma, tambaya ta ƙarshe ita ce ko ina jin gara in mutu. Na ce a'a domin ƙanena yana zaune. Amma gaskiya wani lokaci nakan ji da mutuwa za ta zo da na huta. In koma ko in share su?*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba ka lafiya, ya mayar maka da alherin abin da ka rasa.

Ka koma. Kuma zan fara daga inda ka ƙare, domin a duk wasiƙarka babu maganar da ta fi wannan nauyi, ko da yake kai ka ajiye ta can ƙasa kamar abin da ka tuna daga baya.

Amsar da ka ba tambaya ta tara ba ita ce gaskiya ba, kuma ban ga laifinka ba. Magidanci mai 'ya'ya biyar ba zai buɗe baki gaban ƙanensa ya ce ya gaji da duniya ba. Wannan tambaya a keɓe ake yin ta, da an ce wa ƙanenka ya ɗan jira a waje da ya fi. Amma an riga an yi, yanzu gyara ya rage gare ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ka shiga wajen likita, ka shiga kai kaɗai, kafin ma ya fara komai ka ce masa: "Likita, akwai tambayar da na amsa ba daidai ba rannan." Sannan ka faɗa masa da kalmomin da ka rubuto mini, ba sai ka nemo masu kyau ba.

Zai bi ka da wasu tambayoyin, kada su tsorata ka. Zai so ya san ko tunanin yana zuwa ne ya wuce, ko yana zama. Ko fatan hutu ne kawai, ko ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu. Ko ka taɓa gwadawa. Da kuma abin da ke riƙe ka. Akwai tazara tsakanin mai cewa "da mutuwa za ta zo da na huta" da wanda ya riga ya shirya abin da zai aikata, kuma likita ba zai san a ina kake ba sai ka gaya masa. Amsarka za ta shafi irin maganin da zai zaɓa maka, da yawan da zai ba ka ka tafi gida da shi, da yadda zai matso da ranar dawowarka. Mutane da yawa na tsoron cewa yin maganar na ƙara cusa tunanin a rai. An bincika wannan, ba a ga haka ba. Galibi ma wanda aka tambaya sauƙi yake ji don ya sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai.

Kafin ranar likita kuma, ka zaɓi mutum ɗaya a gida ka gaya masa, matarka ko ƙanen nan naka. Ragowar magungunan kemis da suka taru a ɗaki, da duk wani abu mai guba, a fitar da su daga inda kake kwana. Idan kuwa wani dare tunanin ya yi ƙarfi har ka ji ba ka amince da kanka ba, ba maganar jiran ranar likita, ka ta da wani ya raka ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren.

To, yanzu takardar da ta ɓata maka rai.

Daga yadda ka kwatanta, ita ce wadda ake kira PHQ-9. Ba yarinyar ce ta ƙirƙiro ta ba. Wasu masana ne a Amurka, Robert Spitzer da Janet Williams da Kurt Kroenke, suka tsara ta, aka wallafa sakamakon gwajinta a 2001 bayan an jarraba ta a kan marasa lafiya 6,000 a ƙananan asibitoci da asibitocin mata. Tun farko don irin asibitin da ka je aka yi ta, inda layi ke da tsawo, likita ba shi da rabin awa ga kowane mutum, kuma wanda ya shigo da ciwon kai yake shigowa, ba ya cewa zuciyarsa ce ba daɗi. Tambayoyin tara ba kame-kame ba ne, su ne alamomi tara da likitocin ƙwaƙwalwa suke dubawa: rashin jin daɗin abin da a da kake so, ƙuncin rai da yanke ƙauna, matsalar barci, gajiya, raguwar cin abinci ko yawansa, ganin kanka a matsayin wanda ya gaza ko ya kunyata iyalinsa, kasa tara hankali wuri ɗaya, sanyin jiki da magana ko kasa zama wuri ɗaya, sai ta ƙarshen da ka sani. Kowace ana tambayar ka ne a kan makonni biyun da suka wuce. Idan babu, sifili. Idan 'yan kwanaki ne, maki 1. Idan ya fi rabin kwanakin, 2. Idan kusan kullum ne, 3. Jimla mafi yawa 27. Daga 5 zuwa 9 alamu ne masu sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaita, 15 zuwa 19 sun fara tsanani, 20 zuwa sama kuwa tsanani ne sosai. A yawancin wurare maki 10 ne layin da in mutum ya kai ake cewa likita ya zauna da shi. Wasu asibitocin ma tambayoyi biyun farko kaɗai suke fara yi, sai wanda ya samu 3 cikin 6 ake ƙarasa masa sauran. A nan Najeriya ma an gwada takardar, tun a 2006 aka wallafa binciken da aka yi a kan ɗaliban jami'a, kuma layin nan na maki 10 ya yi aiki.

Ka ga ke nan 14 ɗinka a bakin iyaka yake. Da ka amsa ta tara yadda take, da ka tsallaka zuwa 15 ko fiye.

Amma kana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ba ƙarama ba ce: tambayoyin minti biyar ba su isa su yanke cewa kana da ciwon damuwa ba. Waɗanda suka tsara takardar ma ba su ce ta isa ba. Kamar awon hawan jinin da aka yi maka ne a ranar: idan ya hau sau ɗaya ba a ɗora mutum kan magani har ƙarshen rayuwarsa, cewa ake ya dawo a sake dubawa, amma kuma mai hankali ba ya cewa na'urar ƙarya take yi ya tafi abinsa. Bari in yi maka lissafin 'yan kasuwa. A gwajin farko, takardar ta kama 88 cikin kowane 100 na masu ciwon, ta kuma wanke 88 cikin kowane 100 na waɗanda ba su da shi. Mu ɗauka, misali ne kawai, mutum 100 sun zo asibiti yau, 10 daga cikinsu suna da ciwon da gaske. Takardar za ta kama kusan 9. Cikin sauran 90 ɗin kuwa za ta nuna kusan 11 da ba su da shi. Wato cikin mutum 20 da za a ce su dawo, kusan rabi ne ciwon zai tabbata a kansu. Shi ya sa har yau ƙasashe ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. A Amurka kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi ya ce a riƙa yi wa duk wani babba irin waɗannan tambayoyi, muddin akwai tsarin da zai karɓi wanda aka gano. A Kanada kwamitinsu ya ce a 2013 kada a mai da shi al'ada ga kowa da kowa, a Birtaniya ma ba a yi wa jama'a baki ɗaya, an fi mai da hankali ga wanda yanayinsa ya nuna alama. Ni dai ra'ayina, takardar tana da amfani ne kawai idan akwai wanda zai zauna ya saurari mutum bayanta. A cike ta a jefa cikin fayil, ɓata biro ne. Asibitin ku sun ce ka dawo ka ga likita, to sun yi abin da ya kamata.

Ga dalilin da ya sa zaman da likita ya zama dole. Barci da gajiya da cin abinci kaɗai, idan kowanne ya ci maki 3, sun ba da 9, saura ƙiris a kai layi. Su kuwa ukun nan ciwon jiki ma yana kawo su. Ƙarancin jini yana kawo su, ciwon suga da ba a gano ba yana kawo su, haka matsalar maƙoƙo, da tarin fuka, da ciwon hanta ko ƙoda, har da wasu magungunan da mutum ke sha. Saboda haka gwajin jinin da kake ƙorafin ba a yi ba, mai yiwuwa likita ya rubuta maka shi, don ya tabbatar babu wani abu a ƙasa. Ciwon damuwar kansa ba ya fitowa a jini ko a hoto, da magana ake gano shi. Likita zai duba ko alamomin sun kai biyar cikin taran, ko akwai ƙuncin rai ko rashin jin daɗi a cikinsu, ko sun kai makonni biyu, da kuma ko sun hana ka harkokinka. Zai tambaye ka ko an yi maka rasuwa kwanan nan. Zai tambaye ka ko kana shan wani abu don ka samu barci ko ƙarfin jiki. Zai kuma tambaye ka ko ka taɓa yin wani lokaci na akasin haka, kwanaki kana jin ƙarfi fiye da ƙima, ba ka buƙatar barci, kana yawan magana da kashe kuɗi ba lissafi. Wannan ta ƙarshen ka amsa ta da kyau, domin in akwai haka wata lalurar ce daban, maganinta ma daban.

Na yi maka lissafin rabi da rabi ne don ka san darajar takardar daidai yadda take, ba don ka sa kanka cikin rabin da ba su da komai ba. Ajiye makin a gefe ka sake karanta wasiƙarka. Asara ta same ka, tun daga nan barci ya riƙa yankewa tsakar dare, jiki ya mutu, an yi ta maganin zazzaɓi ba canji, har ta kai kana ganin mutuwa hutu ce. Ko da ba a taɓa yi maka tambaya ɗaya ba, wannan labarin ya isa a ce ka ga likita.

Zafin tsakar ka ɗin nan da ciwon kai kuwa ba ƙarya jikinka yake yi ba. A wajenmu haka ciwon damuwa ya fi shigowa asibiti. Namiji musamman ba zai ce yana baƙin ciki ba. Zai ce kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinsa, gaɓoɓinsa duk ciwo. Sai ya wuce kemis, a ɗebi jini a yi gwajin taifot irin na gaggawa, wanda a ƙasar da taifot ya yawaita yakan nuna alama ko ga mai lafiya, a haɗa masa allurai da ƙwayoyi, a rataya masa ruwa. Ya ɗan ji dama-dama kwana biyu saboda an kula da shi, sannan abu ya dawo. Ka lissafa abin da ka kashe a wannan zagayen, kai da jarinka ya riga ya karye. Tambayoyi taran nan an yi su ne don a katse irin wannan zagaye.

Maganar hauka kuma, ka cire ta daga ranka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, kimanin 5 cikin 100 na manya. Akasarinsu suna zuwa kasuwa da ofis da masallaci, ba wanda ya san halin da suke ciki. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan ciwon ya iya ɓuya a bayan "lafiya lau, alhamdu lillahi". Yarinyar da ka raina kuwa aikinta ta yi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, in an ce sai su ne za su gano kowa, to yawancin mutane har su mutu ba za a gano su ba. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane irin wannan lalura su fara kula da ita, Najeriya ma ta karɓi shirin. Ciwon damuwa matsakaici sau da yawa a nan asibitin unguwa ake maganinsa. In kuma an ga ya kamata a tura ka gaba, a Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Na san abin da sunan Dawanau ke tayarwa a kunnen Bakano. Amma mafi yawan masu zuwa irin waɗannan wurare katinsu suke miƙawa, su ga likita, su karɓi magani, su hau adaidaita sahu su koma gida.

Ka ce kana sallolinka, kamar an zarge ka da rashin yi. Babu wanda ya ce imaninka ne ya yi rauni. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma a addu'ar nan ɗin ya haɗa da nauyin bashi da rinjayen mazaje, abin da kowane ɗan kasuwar da ya karye ya san ɗacinsa. Ka riƙe addu'arka da azkar ɗinka, ka je asibiti. Mahaifiya kuma kada ka ja da ita. Ka ce mata ta ci gaba da yi maka addu'a, kai kuma za ka bi ta wajen likita. Abin da zan hana ka shi ne biyu: kada ka bari a kama sunan wani abokin kasuwa a ce shi ya yi maka, domin ƙiyayyar da za ta biyo baya ta fi ciwon daɗewa; kuma kada ka zuba ɗan abin da ya rage maka a hannun mai cewa zai karya sammu da kuɗi masu yawa.

Idan ciwon ya tabbata, ga abin da za ka tarar. Akwai magani ta hanyar zama da tattaunawa, inda ake taimaka wa mutum ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya ya kuma koma kan harkokin da ya janye jiki daga gare su. Akwai kuma na ƙwaya. A matsakaicin ciwo kowanne na iya aiki, wani lokaci a haɗa su. Ƙwayar ba ta aiki ranar da aka fara ta. Sai ta ɗauki makonni biyu zuwa huɗu, wani ma har shida, kafin a ga canji na sosai, kuma kwanakin farko tana iya kawo bushewar baki, ko tashin zuciya, ko jiri. A nan ne mutanenmu ke yar da ita su ce ba ta karɓe su ba. In ta dame ka, koma ka faɗa, akwai wata. Ba irin tiramol ko kodin ba ce da ke sa maye har mutum ya riƙa nemanta, amma ba a yanke ta rana ɗaya, kuma bayan an warke ana ci gaba da sha aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo. Kada kuma ka yarda wani mai kemis ya ba ka Valium ko makamancinsa don barci; zai kwantar da kai, ba zai taɓa ciwon ba, kuma shi ne mai kama jiki.

Za ka sake haɗuwa da takardar nan, kada ka yi mamaki. Bayan an fara magani akan maimaita ta lokaci-lokaci, kuma a ganina a nan ta fi amfani. Mai ciwon damuwa ba ya saurin ganin sauƙin da yake samu, sai ya ce har yanzu jiya i yau. Idan 14 ya koma 7, an san maganin na aiki, in ya sauka ƙasa da 5 ana ɗaukar cewa ciwon ya lafa. In kuwa ya tsaya cak bayan makonni, likita ya san lokacin canja dabara ya yi. Amma duk wannan sai in amsoshin gaskiya ne, daga ta farko har ta tara.

Ƙwaya ba za ta dawo maka da jari ba, kuma ba za ta biya bashi ba in akwai shi. Abin da za ta yi shi ne ta dawo maka da barci da ƙarfin da za ka iya zama ka fuskanci waɗannan. Kafin nan, kada ka yanke wata babbar shawara, irin sayar da gida, ko barin gari, ko rabuwa da iyali. Ka riƙa fita kasuwa ko da zama ne a rumfar wani, ka yi sallar jam'i, ka ɗan taka da ƙafa da yamma, ka rage shayi mai ƙarfi da goro bayan la'asar. Ranar da za ka koma, ka tafi da kwalaye da takardun duk magungunan da ka sha a watannin nan, likita zai so ya gan su. Ƙanenka ya raka ka, amma ya jira a benci har ka fito.